Sake gina ƙungiyar besbol: kiwo ne ko cinikin biri a sama?

Maƙwabcina a garin da nake zaune a Amurka dattijo ne, tsohon direban bas, kuma shi ya koya mini kallon ƙwallon besbol. Farkon zuwana ban ga abin sha'awa a wasan ba. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya kai mata duka da sanda, sauran suna tsaye a fili. Shi ya riƙa zaunar da ni a barandarsa da yamma, rediyo na kan kujera, yana bayyana mini abin da ke tsakanin mai jifa da mai duka, da dalilin da ya sa ƙwallon da ke tafe da gudun kilomita 150 a awa kan karkace gab da isa wurin sanda. A hankali wasan ya shiga raina.

Wata rana a ƙarshen Yuli na same shi rediyon a kashe. Ƙungiyarsa ta ba da ɗan wasan da ya fi ƙauna, ta karɓi samari uku da bai taɓa jin sunansu ba. Kwana kaɗan kafin nan ya saya wa jikarsa riga mai sunan wannan ɗan wasa a baya. Ya ce mini, “Sun ce mu yi haƙuri, ana sake gini. Tun yarinyar nan ba ta fara tafiya ba nake jin wannan magana.”

Tun ranar nake bibiyar abin da masu ƙungiyoyin besbol ke kira sake gini, kuma inda na tsaya shi ne: faɗuwa da gangan tana cin yabon da ba nata ba. Ƙungiyoyin da suka farfaɗo, kiwo ne ya farfaɗo da su, sai kuɗin da aka fitar lokacin da ya kamata a fitar. Shekarun shan kashi kuwa magoya baya ne suka biya su, su da yaran da ke ƙananan ƙungiyoyi.

Dole mai bin ƙwallon ƙafa ya fara fahimtar wani abu. A gasar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ƙungiyoyi 30 ne, kowacce tana buga wasa 162 a kaka, kuma ba a zubar da kowa zuwa ƙaramar gasa. Da Kano Pillars ta yi mummunar kaka a 2022, faɗawa ta yi, sai da ta yi gumi ta dawo. A besbol wanda ya zo na ƙarshe yana nan daram a kakar gaba, kasonsa na kuɗin talabijin na ƙasa bai ragu ba. Ƙari a kan haka, tun 1965 ake rabon sababbin 'yan wasa daga makarantun sakandare da jami'o'i bi da bi, kuma shekara da shekaru wanda ya fi kowa faɗuwa shi ke zaɓen farko. Yaron da aka zaɓa ba ya shiga babbar gasa kai tsaye. Sai ya bi matakai huɗu na ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda Amurkawa da kansu ke kira gona, tsarin da Branch Rickey ya assasa a St. Louis Cardinals tun shekarun 1920. In ya kai sama, ƙungiyarsa na riƙe da shi shekara shida kafin ya sami 'yancin sayar da kansa ga mai tayi mafi tsoka, kuma a ukun farko albashinsa bai wuce mafi ƙanƙanta ba sosai. Wannan shi ne lissafin: ka sayar da manya masu tsada, ka tara yara masu araha, ka sha kashi shekara uku ko huɗu kana zaɓen farko, sai su nuna gaba ɗaya.

Misalin da kowa ke kawowa shi ne Houston Astros. Ta sha kashi a wasa 106 a 2011, 107 a 2012, 111 a 2013. Jim Crane ya sayi ƙungiyar a ƙarshen 2011, ya ɗauko Jeff Luhnow a matsayin manaja, aka sayar da duk wanda ke da daraja. A 2013 albashin ƙungiyar kakaf bai kai dala miliyan 30 ba. A 2017 suka ɗauki kofin World Series, wato kofin zakaran gasar, na farko a tarihinsu. Daga nan masu ƙungiyoyi da yawa suka ce ga hanya.

To amma a buɗe tukunyar a ga abin da ke ciki. Astros ta yi zaɓen farko sau uku a jere. A 2012 ta ɗauki Carlos Correa, ya zama tauraro. A 2013 ta ɗauki mai jifa Mark Appel ta bar Kris Bryant, kuma Appel bai taɓa buga mata wasa ko ɗaya a babbar gasa ba. Sai a 2022, yana da shekara 30, ya buga 'yan wasanni a Philadelphia. A 2014 ta ɗauki Brady Aiken, ba su daidaita ba, shi ma bai taɓa kaiwa sama ba. Gaskiya ne diyyar rashin Aiken ce ta kawo musu Alex Bregman a 2015, ba zan hana su wannan ba. Amma dubi sauran. George Springer da Dallas Keuchel shugabannin baya ne suka zaɓe su, Keuchel ma a zagaye na bakwai. Jose Altuve, gwarzon ɗan wasan 2017 a ɓangarensu, yaro ne daga Benezuwela da aka fara sallama daga wurin gwaji saboda gajarta, ya dawo, aka ɗauke shi a kan dala 15,000 a 2007. Ɗan hakin da aka raina ke nan. Justin Verlander kuwa, wanda ya riƙe su a wasannin ƙarshen kaka na neman kofi, musaya aka yi aka kawo shi daga Detroit ranar 31 ga Agustan 2017, da albashinsa mai nauyi. A tsakiyar wannan gini ne kuma, a Maris na 2014, suka saki J.D. Martinez kyauta, ya tafi Detroit ya zama ɗaya daga cikin manyan masu duka na zamaninsa.

Kofin 2017 yana da tabo, kuma ba zan tsallake shi ba. An gano suna satar alamun da mai cafewa, wanda ke tsugune bayan mai duka, ke yi wa mai jifa ta hanyar kyamara, suna buga kwandon shara don sanar da mai duka abin da ke tafe. A Janairun 2020 hukumar gasar ta dakatar da Luhnow da koci A.J. Hinch, ƙungiyar ta sallame su, aka ci ta tarar dala miliyan 5, aka ƙwace mata zaɓen zagaye na ɗaya da na biyu na shekara biyu. Shi ya sa kofin 2022 ya fi koya mini abu. A lokacin Springer ya tafi, Correa ya tafi. Wanda ya gaji Correa, Jeremy Peña, a zagaye na uku aka zaɓe shi a 2018, kuma shi ya zama gwarzon wasannin ƙarshe a shekararsa ta farko. Framber Valdez, wanda ya ci musu wasa biyu a kan Philadelphia, an ɗauke shi a Jamhuriyar Dominika yana da shekara 21, a ƙasar da ake rububin yara tun suna 16, a kan dala 10,000. Cristian Javier ma dala 10,000. Yordan Alvarez ɗan Kuba daga Dodgers suka karɓo shi a 2016 kafin ya buga wa Dodgers ko wasa ɗaya, suka ba da mai jifa Josh Fields. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da sai an faɗi wasa ɗari kafin a same shi. Ido aka sa, aka gani, aka koyar.

Dalilin da ya sa zaɓen farko ba ya yin abin da ake zato yana cikin wasan kansa. A ƙwallon kwando tauraro ɗaya kan riƙe ƙwallo a kowane hari. A besbol mai duka, komai ƙwarewarsa, layi yake bi cikin mutum tara, sau huɗu ko biyar zai tsaya a wasa. Babban mai jifa sau ɗaya yake fitowa a kwana biyar. Los Angeles Angels ta haɗa Mike Trout da Shohei Ohtani daga 2018 zuwa 2023, kuma a cikin waɗannan kakanni shida babu wadda nasararta ta fi faɗuwarta yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan yaro ɗan 18 da ke razana 'yan sakandare, babu wanda ya san yadda zai yi in ya gamu da ƙwallon da ke karkacewa, ko jijiyar gwiwar hannunsa za ta jure. Trout kansa na 25 aka zaɓa a 2009. Mookie Betts a zagaye na biyar, Albert Pujols a na 13. Zaɓen yara a besbol cinikin biri a sama ne, kuma wanda ya jingina shekara huɗu na rayuwar magoya bayansa a kan wannan ciniki ya ɗauki alhaki babba.

Na taɓa zuwa kallon wata ƙaramar ƙungiya a wani ƙaramin gari, na isa da wuri kafin a cika. A gefen fili na ga wani saurayi mai jifa, daga maganarsa Sifaniyanci yake ji, da wani koci mai furfura. Kocin ya kama hannun yaron, ya matsar da ɗan yatsansa na tsakiya kaɗan a kan ɗinkin ƙwallon, abin da bai kai faɗin farce ba. Yaron ya jefa, ƙwallon ta bugi ƙasa. Ya sake, ta bugi ƙasa. Bayan kowane jifa sai su leƙa wata na'ura da ke kan sanda uku, mai nuna yadda ƙwallon ta juya. Na ƙirga jifa ya haura ashirin kafin ɗaya ta tafi miƙe sannan ta nutse daidai gaban mai cafewa. Kocin bai ce komai ba, ya dafa kafaɗarsa kawai, suka ci gaba. Babu kyamarar talabijin, babu mai tafi. A raina na ce ashe nan ake ginin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan aikin ƙungiyar da ke kan gaba za ta iya yinsa daidai da wadda ke ƙarshe.

Chicago Cubs, wadda ta kawo ƙarshen jiran shekara 108 a 2016, ita ma ana sa ta a layin masu faɗuwa da gangan, don ta sha kashi 101 a 2012 ƙarƙashin jagorancin Theo Epstein, kuma ta sami Bryant a zaɓe na biyu. Amma musaya ce ƙashin bayanta. Anthony Rizzo daga San Diego, Kyle Hendricks daga Texas, Addison Russell daga Oakland. Wadda ta fi burge ni ita ce ta Yulin 2013: suka ba Baltimore Scott Feldman suka karɓi Jake Arrieta, mai jifan da aka riga aka fidda rai da shi. A Chicago aka bar shi ya koma salon jifansa na asali, sai ga shi a 2015 ya ci wasa 22 ya karɓi kyautar gwarzon mai jifa. Hannun nan dai shi ne, masu koyarwar ne suka canza. Da suka ga yaran sun kusa nuna, a Disamban 2014 suka fitar da dala miliyan 155 suka ɗauko Jon Lester. Mai gona ya sayi taki a lokacin da shuka ke buƙata.

A ɗaya gefen birnin Chicago, White Sox ta bi takardar maganin sau da ƙafa. A Disamban 2016 ta ba da Chris Sale ta karɓi Yoán Moncada da Michael Kopech, ta ba da Adam Eaton ta karɓi Lucas Giolito, a Yulin 2017 ta ba da José Quintana ta karɓi Eloy Jiménez da Dylan Cease. Masana suka yaba, aka ce gonarsu na cikin mafi kyau. Abin da aka girba shi ne zuwa wasannin ƙarshen kaka sau biyu, 2020 da 2021, duka aka fitar da su a zagayen farko. A 2023 suka faɗi 101, a 2024 suka faɗi 121, abin da ba a taɓa gani ba tun 1900. Wanda ya yi haƙuri daga 2017 bai dafa dutse ba, an sake ce masa ya yi wani haƙurin. Baltimore Orioles ta fi su dacewa. Bayan faɗuwa 115 a 2018, 108 a 2019, 110 a 2021, ta tara Adley Rutschman da Gunnar Henderson, ta ci wasa 101 a 2023. Henderson, wanda ya fi haskawa, na 42 aka zaɓa. Amma ba ta ci ko ɗaya ba a wasannin ƙarshen kaka na 2023 da 2024, ta karɓo Corbin Burnes na shekara ɗaya ya wuce Arizona, a 2025 ta koma ƙarshen rukuninta. Yara sun nuna, masu jifa ba su isa ba.

Ga kuma waɗanda ba su taɓa rushe gida ba. Los Angeles Dodgers tana zuwa wasannin ƙarshen kaka kowace shekara tun 2013, don haka ba ta ganin zaɓen sama-sama, amma gonarta ba ta bushewa. Justin Turner wanda Mets ta bari, Max Muncy wanda Oakland ta saki, a hannunta suka zama mutane. Na san abin da za a ce: Dodgers masu kuɗi ne. Haka ne. To Milwaukee fa, wadda kasuwarta na cikin mafi ƙanƙanta a gasar? Ta ba da Josh Hader, ta ba da Burnes, ta ba da Devin Williams, duk da haka ta je wasannin ƙarshen kaka sau bakwai cikin shekara takwas daga 2018, kuma a 2025 ta fi kowa yawan nasara da 97. Tampa Bay ta je sau biyar a jere daga 2019, har World Series a 2020. Milwaukee da Tampa Bay ba su ɗauki kofi ba, na yarda, kuma magoya bayansu ma suna kukan rabuwa da taurari. Amma mutumin Milwaukee da ya sayi tikiti a watan Agusta wasa mai ma'ana yake zuwa kallo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda kalmar sake gini ta zama mayafi. Tunda ƙungiyoyi masu arziki na tura wa masu ƙaramar kasuwa kaso, kuma babu dokar da ta ce ga mafi ƙarancin abin da za ka kashe a albashi, mai ƙungiya na iya rage kashewa ya ci riba yana faɗuwa. Florida Marlins ta ɗauki kofi a 1997, mai ita ya watsa 'yan wasan kafin kaka ta zagayo, a 1998 suka faɗi 108. Oakland ta ba da Matt Olson da Matt Chapman da Chris Bassitt a Maris na 2022, ta faɗi 112 a 2023. A watan Yunin wannan shekara mutane fiye da dubu 27 suka cika fili da koren riguna suna kiran mai ita, John Fisher, ya sayar da ƙungiyar. Bai sayar ba. A ƙarshen 2024 ƙungiyar ta bar garin da ta zauna tun 1968, ta yi zango a Sacramento a kan hanyar Las Vegas. Mutanen Oakland an ce su jira yara su girma, yaran sun girma a wani gari.

Yaran ma suna biya. Har zuwa 2020, a ƙananan matakai akwai mai karɓar dala 290 a mako, shi ma a lokacin kaka kawai. Sai a 2022 aka wajabta wa ƙungiyoyi ba su wurin kwana, a shekarar yaran suka shiga ƙungiyar ƙwadago, a 2023 albashi ya ninka. Ka ce yaro shi ne makomarka, ka bar shi yana kwana a kan katifar iska da mutum biyar a ɗaki, wannan ba kiwo ba ne. Wanda ya kai sama ma ba ya tsira daga lissafi. Kwana 172 a babbar gasa ke cika shekara ɗaya cikin shidan nan da ƙungiya ke riƙe da shi. A 2015 Cubs ta riƙe Bryant a ƙaramar ƙungiya na kusan mako biyu, ya gama kaka da kwana 171, ta ƙara shekara guda a kansa. Ya kai ƙara, bai yi nasara ba. Doka ta ba su gaskiya, amma ni ina ganin an tauye shi.

Ba ina cewa kada a taɓa sayar da tauraro ba. Idan ƙungiya ta tsufa, gonarta ta bushe, ɗan wasa kuma zai tafi ko ana so ko ba a so, riƙe shi son zuciya ne. Da Washington ta ba da Juan Soto a Agustan 2022 ta karɓi James Wood da CJ Abrams da MacKenzie Gore, ta yi ciniki mai kyau. Amma har ƙarshen 2025 ba ta sake ganin kakar da nasara ta rinjayi faɗuwa ba tun kofinta na 2019, domin musaya ƙofa ce kawai, aikin yana ciki. Shi ya sa in na ji manajan ƙungiya ya ce ana sake gini, abin da nake so in ji shi ne koci nawa ya ƙara a gona, me yaran ke ci, ina suke kwana, kuɗin da aka rage a albashi ina suka shiga, kuma wace shekara mai ƙungiya zai buɗe aljihu.

Yarjejeniyar 2022 tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa, wadda aka cimma bayan kulle 'yan wasa waje na kwana 99, ta ɗan gyara. Zaɓe shida na farko yanzu ƙuri'a ake jefawa, kuma an hana ƙungiya maimaita shiga ƙuri'ar shekara bayan shekara. White Sox da ta faɗi 121 ta goma ta zaɓa. An kuma sa ladan ƙarin zaɓe ga wanda ya fara kaka da yaronsa har ya zama gwarzon sababbi, kamar yadda Seattle ta samu da Julio Rodríguez. Wa'adin yarjejeniyar Disamban 2026 ne. Abin da nake so a ƙara shi ne duk mai karɓar kason masu arziki a ɗora masa mafi ƙarancin abin da zai kashe a fili, ya kuma nuna inda sauran suka tafi. Wanda ya karɓi kuɗi don ya yi takara, to ya yi takara.

Maƙwabcina bai daina sauraron rediyonsa ba. Cikin samarin nan uku, ɗaya ya ji ciwo a hannu an yi masa tiyata, ɗaya an sake ba da shi, ɗaya ya kai sama yana bugawa. Jikar tasa ta girma, rigar ta yi mata kaɗan, tana rataye a bayan ƙofarsa. Da na tambaye shi ko zai saya mata ta sabon yaron, ya ce ya riga ya sayo, amma wannan karon ya ce wa mai shagon kada ya rubuta sunan kowa a baya.